Saƙon da Ya Biyo Zuberu Landan

A makarantar firamaren da Zuberu Hambali yake aiki a Barking, wata unguwa a gabashin Landan, kowane malami da ajinsa, da teburinsa, da ƙusar da yake rataye rigar sanyi. Shi kaɗai ne ba shi da ko ɗaya. Abin da ya mallaka wani dogon akwatin ƙarfe ne mai tayoyi, cike da laftof, wanda yake kira amalanke. Da shi yake zaga makarantar tun safe har a tashi. Ya shiga aji biyu ya koya wa ƙanana yadda ake ba wata 'yar motar roba umarni ta yi gaba ta juya dama, ya fito ya tura amalanke zuwa aji biyar inda ake haɗa wasan kwamfuta, daga nan ya shiga lif zuwa aji shida. Malamin ajin yana ganinsa sai ya kwashi takardunsa ya tafi shirya darussan mako, ya bar masa yaran.

Shugabar makarantar, Jane, ta taɓa ba shi haƙuri a kan rashin ɗaki. Ta ce tsohon ɗakin kwamfutar an mai da shi aji ne saboda yara sun yi yawa, amma in an samu sarari za a duba. Zuberu ya ce mata kada ta damu. Bai gaya mata cewa hakan ya fi masa daɗi ba. Mutum ne da zama wuri ɗaya ba ya karɓarsa. Ko a ɗakin malamai a tsaye yake shan shayi, kusa da ƙofa, yana kaɗa makulli a yatsa, har sai wani ya ce, "Mista Hambali, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

A Jos aka haife shi, a Gangare. Mahaifinsa direban babbar mota ne mai kai dankalin Turawa da kabeji Kudu. Zuberu ya yi difloma a fannin kwamfuta, ya buɗe shagon intanet a titin Bauchi kusa da jami'a, a zamanin da mallakar adireshin imel abin taƙama ne. Ɗalibai su zo su yi layi, ga masu neman aiki, ga dattawan da 'ya'yansu ke ƙasar waje, waɗanda yake karanta musu saƙo ya kuma rubuta musu amsa. A nan ya gano yana da hannun koyarwa, don ba ya gajiya da nuna wa mutum abu ɗaya har sai ya kama. Rabin shagon na abokinsa Gyang ne, Kirista ɗan Birom, mai injin fotokofi. Janareta ɗaya suke amfani da shi, allon da ke bakin ƙofa ma sunayensu biyu ne a kai. Ran Juma'a Gyang ke tsare shago, ran Lahadi Zuberu.

A ƙarshen Nuwamban 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukuma, gari ya rikice. Da safiyar ranar sun buɗe shago duk da hayaniyar da suke ji daga nesa. Suna zaune a benci ɗaya wayar Zuberu ta yi ƙara. Saƙo ne, wai an afka wa masallaci an kashe mutanenmu, kowa ya fito ya kare kansa, a tura wa 'yan'uwa. Kafin ya gama karantawa ta Gyang ma ta yi ƙara. Gyang ya duba, sannan ya miƙo masa. Saƙon kusan iri ɗaya ne kalma da kalma, sai dai inda aka ce masallaci a na Zuberu, a na Gyang coci aka ce. Suka jera wayoyin a kan injin fotokofi suna kallo. Gyang ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya ce, "Ka bi ta lungu, kada ka bi titi." Kowa ya nufi unguwarsu.

Dukansu sun tsira. Shagon ne bai tsira ba. Har yau Zuberu bai san wane ɓangare ne ya cinna masa wuta ba, tunda kowane ɓangare zai iya karanta sunan da bai yi masa ba a jikin allon.

Daga ranar ƙafarsa ba ta sake kafuwa ba. Ya koma Bauchi, inda ya auri Fausia, ma'aikaciyar jinya. Aka yi wata 'yar hatsaniya a garin, ya ce su tashi. Suka koma Nyanya kusa da Abuja yana gyaran waya, aka haifi 'yarsu Basma. Da bam ya tashi a tashar mota, ya ce su tashi. Suka sauka Kaduna, ya samu wata firamare mai zaman kanta da ke da kwamfutoci amma babu wuta, ya riƙa zana madannai a jikin kwali yara suna koyon buga rubutu a kai. Ko can ɗin sau biyu suna sauya unguwa. Fausia ta daina zubar da kwalayen kaya, ta riƙa ninke su tana turawa ƙarƙashin gado.

Ita ce ta kawo su Landan. Ta ci jarrabawar da ake buƙata, ta samu aiki a wani asibiti a gabashin birnin, suka kama flat a saman wani gida a Barking a 2019. Zuberu ya yi aikin ɗaukar kaya a sito, ya yi kai saƙo gida-gida, sannan ya samu aikin gyaran kwamfutocin makarantu. Da korona ta zo aka rufe makarantu, shi aka ba aikin raba wa iyalai laftof. Sai ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, daga nesa yana koya wa yaro da kakarsa inda za su danna su shiga darasi. Wasu gidajen sai ya koma sau da yawa, ba tare da an aike shi ba. Jane ta ji labari daga bakin iyaye. Da aka buɗe makarantu ta tura shi kwas ɗin manyan mataimakan malamai, ta damƙa masa darasin kwamfuta na makarantar gaba ɗaya.

Aikin ya dace da shi. Kafin ya gaji da aji ɗaya an buga ƙararrawa ya tafi wani. Shekaru suka ɗan ja, har Fausia ta fara sayen tukwanen fulawa tana jerawa a taga.

Sai bazarar 2024 ta zo. Ana cikin dogon hutu aka kashe wasu ƙananan yara mata uku a wani gari can arewacin Ingila. Kafin a san ko wane ne ya yi, ƙarya ta cika intanet cewa Musulmi ne baƙon haure. Aka fara jifan masallatai a wasu garuruwa, aka fasa shaguna. Wayar Zuberu ba ta huta ba. Guruf ɗin masallaci, guruf ɗin 'yan Najeriya, guruf ɗin iyayen yara, kowanne yana zubo bidiyo da saƙon murya. Wani ya ce ran Laraba da yamma masu tarzomar za su shigo Barking. Wani ya ce a'a, sun riga sun taho, an gansu a jirgin ƙasa na layin District. Kowane saƙo da irin ƙarshensa: a tura wa 'yan'uwa.

Zuberu ya ji kamar an mai da shi kan bencin nan na shagon Jos. Ya kasa zama, ya kasa cin abinci. Ya riƙa raka Fausia asibiti a bas saboda hijabinta, ya dawo ya yi ta kai da komo tsakanin taga da ƙofa. Ya hana Basma leƙa waje. Ita kuwa, da take jin Hausa ta mayar da Turanci, ta ce masa duk ƙawayenta suna fita, shi kaɗai ne ke yi kamar ana yaƙi. Ya kira abokinsa Abdul-Nasir, mai shagon waya a garin Bradford, can nesa da Landan.

"Ka taho nan mana," in ji Abdul-Nasir. "Mu da yawa ne a nan. Ka yi booking ɗin mota ku taso kawai."

Ya sauko da akwatuna daga kan kabad. Da Fausia ta dawo daga aiki sai ta gan su a tsakar ɗaki. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta mayar inda suke, ta shiga kicin.

Ran Larabar masu shaguna suka rufe da wuri, wasu har da buga katako a gilashi. Babu wanda ya zo. Aka wayi gari lafiya, mutane suka koma harkokinsu, guruf-guruf suka koma tallar atamfa da sanarwar suna. Zuberu kaɗai ne abin bai sake shi ba.

Da aka koma makaranta a Satumba, darasin farko na aji shida a kan zaman lafiya a intanet ne. An riga an shirya shi tun daga sama: zanen wani yaro mai murmushi riƙe da waya, da rubutu mai launi yana cewa a yi tunani kafin a tura. Zuberu ya haska shi a allo, ya tambayi yaran me suka fahimta. Suka ba shi amsoshin da suka san ana so. Sai wata yarinya mai jan gashi, Maisie, ta ɗaga hannu.

"Babana duk abin da ya gani turawa yake yi," ta ce tana dariya. "Lokacin hutu ma ya yi ta turawa. Ya ce gara mutane su sani."

Wasu suka ce nasu iyayen ma haka. Zuberu ya dubi yaron nan mai murmushi a allo, ya ji abin ya yi masa arha ƙwarai. Ya kashe allon. Ya zauna a bakin tebur, abin da bai taɓa yi a aji ba, ya ba su labarin shagonsa da Gyang da wayoyi biyu a kan injin fotokofi. Ko masu yawan motsi sun natsu. Da a nan ya tsaya, da babu abin da zai biyo baya.

"Mutane sun mutu?" wani yaro ya tambaya.

"Sun mutu."

"Ka gansu da idonka?"

Wata mataimakiyar malami da ke zaune a bayan aji ta ɗago kai ta kafa masa ido, amma bakinsa ya riga ya buɗe. Ya gaya musu yadda aka jera gawarwaki a harabar masallaci, da warin hayaƙi da ya kwana a cikin tufafinsa, da wani ɗalibi mai zuwa shagonsa da ya gane shi ta rigar ƙwallon da ke jikinsa kawai. Muryarsa ta hau. Ya ce, "Duk wanda ya danna ya tura saƙon nan ran nan, da hannunsa a jinin yaron."

Wata yarinya ta fashe da kuka. Aka buga ƙararrawa. Ya tattara laftof ɗin da ba a ko buɗe ba, ya tura amalankensa ya fita.

Kashegari Jane ta aika a kira shi ofis. Ya tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum a zaune, da wandon aiki mai tabon kwalta. Jane ta ce wannan Darren ne, mahaifin Maisie, mai gyaran rufin gidaje.

"'Yata ta ƙi zama ta ci abinci da ni jiya," in ji Darren, bai ko jira gaisuwa ba. "Ta tsaya a bakin kicin tana tambayata ko na taɓa kashe mutum da wayata. Shekararta goma. Kai ne ka sa mata wannan a kai?"

Zuberu ya ce bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce abin da ya gani a ƙasarsu ya faɗa, amma ya yarda ya wuce gona da iri, kuma yana ba da haƙuri a kan tsoratar da yarinyar.

"Yara uku aka kashe," Darren ya ce, ya matso gaba a kujera. "Ƙanana, kamar ƙanwar Maisie. Ka ɗauka mu ba mu ji tsoro ba? Na ga abu a waya, na tura wa 'yan'uwana. Ban jefi kowa ba, ban fita titi ba. Kai kaɗai ne ka san tsoro a duniya?"

Zuberu ya ga bayani zai ƙara dagula maganar ne kawai. Ya sake ba da haƙuri. Darren ya ce in aka ƙara zai kai maganar gaba, ya tashi ya fita ba tare da musabaha ba.

Jane ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ta yi baƙin cikin abin da ya same shi, amma dole ta rubuta abin da ya faru.

"Ba Maisie kaɗai ba ce," ta ce. "Ka manta Yasir yana ajin? Bara suka fito daga yaƙin Sudan. Mahaifiyarsa ta kira ni da safe, ta ce ya ƙi zuwa makaranta."

Wannan ce ta soke shi. Yasir yaro ne shiru-shiru da ke zama kusa da taga, wanda kullum yake fara gama aikinsa. Zuberu ya tuna jiya bai ko dubi inda yake ba.

Jane ta ce ya sake shirya darasin, ya nuna mata kafin ya koyar. Ya ce to. Da aka tashi bai hau bas ba, ya taka da ƙafa har gida, yana tsara takardar ajiye aiki a ransa. A hanya ya kira Abdul-Nasir, wanda ya ce ko gobe ya zo akwai teburin gyaran waya yana jiransa.

Ya tarar da Fausia a kicin tana yanka albasa, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ya gaya mata komai a tsaye, ya ƙare da maganar Bradford. Ya ce haya ta fi sauƙi a can, asibitoci kuwa ko'ina suna neman nas.

Ta ajiye wuƙar.

"Baban Basma, ni na gama."

"Kin gama me?"

"Ɗaure kaya. Na bar Bauchi ina amarya, na bar Nyanya da goyo, na bar Kaduna ban yi sallama da maƙwabta ba. Duk inda na fara sanin sunan mai kayan miya sai ka ce mu tashi, in tashi. Ban taɓa yi maka musu ba, don na san abin da ka gani. Amma yarinyar nan yanzu ta yi ƙawaye, ni kuma an fara maganar ƙara mini girma a ward ɗinmu. In za ka tafi Bradford, Allah ya kiyaye hanya, ka riƙa zuwa mana weekend."

"Ba ki ga yadda mutumin ya yi mini ba ne."

"Me ya yi maka? A Jos shago aka ƙona maka. A nan me aka ƙona? Faɗa aka yi maka, kuma da gaskiyarsu. Ni in malami ya gaya wa Basma abin da ka gaya wa 'ya'yan mutane, da ƙafata zan je makarantar." Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka. "Ka je ka ba yaron Sudan ɗin nan haƙuri. Shi ne aikin da ke gabanka, ba Bradford ba."

Ya yi fushi, ya ƙi cin abincin. Amma bai rubuta takardar ba. Da Yasir ya dawo makaranta, Zuberu ya same shi a gaban malamin ajinsu ya ce masa ya yi kuskure, bai kamata ya faɗi abin da ya faɗa a aji ba. Yaron ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Sabon darasin ya ƙi zuwa. Ya zauna gaban kwamfuta ya tashi, ya sake zama ya sake tashi. Ran Asabar da hantsi ya fita yawo don ya bar wa Fausia gidan ta huta da sintirinsa, ƙafa ta kai shi Barking Park. Ya tsaya bakin tafki yana kallon wata tsohuwa da jikanta suna watsa wa agwagi burodi. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ruwan haka kawai. Yana kallon hoton dabara ta faɗo masa. Ya dawo gida da sauri, ya nemo hoton wani ƙaton kada, ya yanko shi ya kwantar a bakin tafkin, ya gyara inuwa, ya ɗan dusashe hoton don ya yi kama da wanda aka ɗauka cikin firgici.

Jane ta gani ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ya koyar, da sharaɗin kada hoton ya fita daga makaranta.

Ranar darasin ya haska hoton bai ce komai ba. Ajin ya kaure da ihu. Wani ya ce dama ya taɓa ganin wani abu yana motsi a ruwan. Wata ta ce ba za ta ƙara zuwa park ɗin ba. Ya bar su suka yi ta yi, sannan ya nuna musu hoton asali, ruwa da agwagi kawai. Ya nuna musu yadda ya yi, a gabansu, cikin ɗan lokaci kaɗan. Ya raba laftof ya ce kowa ya ƙirƙiro ƙaryarsa, sannan a yi musaya, kowa ya binciko ta abokinsa: ina inuwa ta faɗi, wa ya fara turo hoton, akwai wani wuri da aka ba da labarin? Aka sa zaki a tashar bas, aka sa raƙumi a layin sayen kifi da dankali. Maisie ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, amma ita ce ta gano cewa inuwar zakin tana kallon rana. Yasir ya ɗauki magen maƙwabcinsu ya mai da ita ƙatuwa, ya zaunar da ita a kan rufin makaranta. Zuberu bai taɓa yin darasi mai daɗinsa ba. Malamin ajin ya buga hotunan a takarda ya manna a bangon baranda, da bayani a ƙasan kowanne.

Aka yi taron iyaye da malamai a makon da ya biyo baya, baranda ta cika da jama'a. Wa ya ɗaga waya ya ɗauki kadan ya bar bayanin da ke ƙasa, ba a taɓa sani ba.

Wata Lahadi da rana suna zaune a falo, Fausia ta kunna saƙon murya daga guruf ɗin matan Najeriya. Muryar wata mata ce, cikin Hausa, tana haki: "Salamu alaikum jama'a, don Allah a kula da yara, kada a bar su zuwa Barking Park. An ga kada a tafkin. Wata 'yar'uwa ta gani da idonta, har ya ja karen wani Bature. Hukumar gari, council, sun sani suna ɓoyewa. A tura wa 'yan'uwa."

"Kada kuma?" Fausia ta ce. "A wannan sanyin?" Ta miƙa masa wayar.

Zuberu ya duba. Ga agwagin, ga ruwan, ga inuwar da ya gyara da hannunsa.

"Nawa ne," ya ce.

Da ta fahimci abin da yake nufi, Fausia ta yi dariya har ta zame daga kujera, tana share hawaye da gefen mayafi. Basma ta fito daga ɗaki ta gani, ita ma ta kama ciki. Shi bai yi dariya ba. Kare ma da bai sa ba, an sa masa. Ya karɓi wayar ya rubuta bayani da sunan Fausia, ya haɗa da hoton asali: wannan aikin makaranta ne, maigidana ne ya haɗa shi don koyar da yara, babu kada, babu kare. Mata biyu suka turo alamar dariya. Wata ta rubuta, "Allah dai ya tsare. Ko ba gaskiya ba ne a kula da yara." Sauran suka yi shiru.

Kafin magariba Abdul-Nasir ya turo masa hoton daga Bradford yana tambayar ko suna lafiya. Kashegari da sassafe yayarsa ta kira daga Jos, ta ce ta ga abin da ke faruwa a unguwarsu, don Allah su hana Basma zuwa bakin ruwa.

Bai jira a kira shi ba. Yana isa makaranta ya wuce ofishin Jane ya nuna mata. Ta dafe kai da hannu biyu, ta ce za ta sa gyara a saƙon da ake tura wa iyaye duk mako, kuma a cire hotunan daga baranda yau ɗin nan. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ba za ka ce mini za ka ajiye aiki ba dai ko? Na ga alama a fuskarka wancan karon."

Ya ce a'a, yana da darasi da 'yan aji shida kafin cin abinci.

Ya gaya wa yaran abin da ya faru, ya kunna musu saƙon muryar yana fassarawa. Suka yi ta dariya, musamman wurin kare. Suna alfahari ma, wai kadansu ya kai Afirka. Ya ce to yanzu aikinsu ne su kamo shi. Suka shirya hoton gyara, na asali da na ƙarya gefe da gefe, da rubutu manya-manya, aka tura wa iyaye ta hannun ofis, aka roƙe su su watsa.

Bayan mako guda ya tambaye su wa ya ga gyaran ya dawo masa daga wani waje, kamar yadda kadan ya yi ta dawowa. Babu wanda ya ɗaga hannu. Amma kadan yana nan yana yawo, wani ya ce a wayar kakarsa yanzu an ce guda biyu ne.

Yasir ne ya yi magana daga wurinsa na kusa da taga, karon farko tun ranar nan.

"Mista Hambali, me ya sa ba wanda yake tura na gaskiyar?"

Zuberu ya tsaya da makulli a hannu.

"Ban sani ba, Yasir," ya ce. "Ni ma na daɗe ina tambaya. Ku rubuta ta a saman shafi, kowa ya je ya tambayi mutanen gidansu, mu ji abin da za su ce."

Suka rubuta. Aka buga ƙararrawa, suka jero suna mayar da laftof, yana sa wa kowanne wayar wuta a gindi don ya yi caji. 'Yan aji biyu suna can ƙasa suna jiransa, kuma lif ɗin ya sake lalacewa, sai da ya nemi mai gadin makaranta suka kama amalanken suka sauko da shi ta matattakala.